Keken Ɗinkin Amaryar Gwallameji

Ana gab da kiran azahar Mahfuz ya shigo ofishin 'yan sanda, ƙafar wandonsa duk taɓon ruwan da aka yi da safe. Malamin firamare ne, sabon ango. Ko wata bai cika ba da ɗauko amaryarsa Ni'ima daga Zungur suka tare a Gwallameji.

"Yallaɓai, an shiga mana gida. An ɗauke keken ɗinkin matata."

Sufeto Ɗanlarai ya ajiye kofin shayinsa. "Keke kaɗai?"

"Shi kaɗai. Amma ba keken ne ya fi damuna ba. Ta ce ba za ta sake kwana a unguwar ba, gida za ta koma. Ni kuwa albashina ba zai kama haya a cikin gari ba, sai da na zaga Bauchi kaf kafin na samu wannan." Muryarsa ta karye. "In ta tafi, yallaɓai, ni me na zo yi birni?"

Sufeto ya dube shi, tausayi ya kama shi. Ya ɗauki hularsa, ya kira kofur ɗinsa suka fita.

Gidan yana ƙarshen layi, mai shuɗin get, gefensa fili ne da aka shuka masara. Ni'ima na zaune a bakin kicin, idanunta sun yi ja.

"Sannu amarya. Ina kike aka shigo?"

"Kasuwa na je, yallaɓai. Shi kuma yana makaranta."

Kwaɗon ƙofar falo na yashe kusa da wani bulo, an dagargaza shi. Sufeto ya shafa ƙofar, ko ƙwarzane babu. Wanda ya yi aikin nan da makulli ya buɗe, daga baya ya ɗora kwaɗon a kan bulo ya dake shi don a ce fasawa aka yi.

"Kin goge falon nan da kika dawo?"

"Ban taɓa komai ba."

Tsakar gida taɓo ne ko'ina, amma tayil ɗin falo fes yake. A bakin ƙofa kuma ga sawun takalma biyu a jere, kai da kai, kamar a ƙofar masallaci. Ya nuna labulen uwar ɗaka.

"Can fa?"

"Sarƙata na kan madubi, akwatunan lefe ma suna nan. Ko labulen ba a ɗaga ba."

Sufeto ya yi ɗan murmushi. Ɓarawon da ya tuɓe takalmi, ya kuma ji kunyar shiga ɗakin matar aure!

Ya leƙa maƙwabta. Mama Juliana mai kunun zaƙi ta fito tana goge hannu a zani.

"Ni ban ga kowa ba, Sufeto, wanki nake yi. Amma na ji namiji ya yi sallama. 'Salamu alaikum masu gida,' ya sake, ya kuma sakewa. Shi ya sa ban leƙa ba. Ɓarawo yana sallama ne?"

"Ana yawan sata a nan?"

"A nan? Shanya nake bari a waje in tafi coci, in dawo in same ta. Yarinyar nan ce dai ba ta san mu ba tukuna."

Ya koma wajen Mahfuz. "Wa ya saya muku kwaɗon?"

"Da gidan muka same shi. Malam Usama dillali ya ba mu makulli biyu."

"Irin wannan kwaɗon da uku yake zuwa."

Rumfar Malam Usama na bakin titi, inda masu keke napep ke sauke ma'aikata. Dattijo ne ɗan cikin gari, farar riga tas, carbi a hannu. Ya miƙe ya ba Sufeto kujerarsa.

"Innalillahi! Na ji labari. Makulli kam biyu na gani, biyu na ba su. Yaran banza ne suka yi yawa a unguwar, yallaɓai, babu tsaro ko kaɗan. In suna son tashi, yau ɗin nan zan sa mai gida ya sallame su."

"Ango ya ce da za ka ba shi gidan, cewa ka yi duk Bauchi babu unguwa mai lafiya kamarta."

"Ai lokaci ne yake canzawa."

"Cikin wata guda?"

Kafin ya amsa, wani saurayi mai ɗaure da nakatayi a wuya ya sauko daga keke ya shigo da sauri. "Baba, gidan nan da ka ce zai fita satin nan fa? Oga ya ba ni awa ɗaya kawai."

Carbin ya tsaya a hannun dillali.

"Wane gida, samari?" in ji Sufeto.

"Mai shuɗin get, ƙarshen layi. Tun shekaranjiya ya ce masu shi za su tashi. Lucky sunana, a banki nake aiki."

"To, Lucky, koma wajen oganka tukuna. Malam, zo mu je ka jajanta wa amarya."

Suna isa Malam Usama ya tsaya a ƙofar falo, ya gyara murya. "Salamu alaikum masu gida." Ya zare takalmansa ya jera su, ƙafa da ƙafa, daidai kan sawun safe.

Kan Mama Juliana ya ɓullo ta saman katanga. "Allah ya gani, muryar ke nan! Har yadda yake jan 'gida' ɗin!"

Dattijon ya dubi takalmansa, ya dubi Sufeto. Sai ya zauna a dandamali kamar an zare masa laka.

"Ba don in sayar na ɗauka ba, wallahi. Yaron bankin ne ya yi wa gidan tayi mai tsoka. Na ce in amarya ta tsorata za su tashi da kansu, in ci la'ada sau biyu. Keken na cikin kangon da ke bayan masara. Leda na rufa masa saboda ruwa."

"Sallamar fa?"

Ya sunkuyar da kai. "Na san babu kowa. Amma tunda uwata ta haife ni ban taɓa shiga gidan mutane haka kawai ba."

Kofur ya dawo ɗauke da keken a kafaɗa. Ni'ima ta rungume shi tana kuka tana dariya, Mama Juliana kuma ta zagayo ta kama kafaɗarta tana cewa, "Ya isa, 'yata, ya isa." Sufeto bai sa ankwa ba. Ya bar dattijon ya saka takalmansa, sannan kofur ya riƙe hannunsa zuwa mota.

Mahfuz ya matso kusa. Matarsa yake kallo, yana tsoron ya tambaye ta ko har yanzu tafiya za ta yi.

Ni'ima ta share fuska da gefen mayafi, ta daɗe tana duban tsakar gidan.

"Malam," ta ce wa mijinta a hankali, "gobe in ka taso makaranta ka sayo min dashen lemo. Can kusa da katangar Mama zan dasa."

"Lemo fa sai ya yi shekaru kafin ya yi 'ya'ya."

"Na sani," in ji ta.

Sufeto Ɗanlarai ya ja musu get a hankali, ya nufi mota.