Kukan Ɗan Damisa a Kwarin Hatta

Ranar wata Asabar bayan la'asar muka kama hanyar duwatsun Hatta, ni da Yaya Halliru, mijin yayata Mahfuza. Za mu canza wa kyamarori batir, mu ɗana keji, mu dawo. Iyakar abin da ya fitar da mu ke nan.

Ni walda nake yi a wani gareji a Ras Al Khor, a Dubai. Yaya Halliru ne ya samo mini bizar, shi ya tarbe ni a filin jirgi, kuma a ɗakinsa na Abu Hail nake kwana. Direba ne a gonar wani Balarabe da ke gindin duwatsu. Wata biyu ana ɗauke awakin gonar ɗaya bayan ɗaya, ba jini, ba sawu. Mai gonar ya ce karnukan daji ne. Yaya Halliru, wanda ubansa maharbi ne a Ningi, ya ce damisa ce. Aka yi masa dariya, aka ce damisa ta daɗe da ƙarewa a waɗannan duwatsu. Dariyar ta tsaya masa a rai.

Mai gonar ba ya yarda da kare a wurinsa, ba halin bin sawu da karnuka, don haka muka sayi kyamarori uku, irin waɗanda ake ɗaurewa a jikin bishiya, su ɗauki hoto da kansu in wani abu ya gifta. Muka ƙara da ƙaramar sifika ta kiran namun daji. Ni na haɗa kejin ƙarfe da hannuna, mai ƙofar da ke faɗowa in an taka farantin ƙarfen da ke cikinsa.

A mako na biyu kyamara ɗaya ta kama doguwar wutsiya tana shigewa wani kogo. Muka je da rana tsaka. Uwar ba ta nan. Ɗanta muka tarar, bai fi tafin hannuna biyu ba, idonsa bai gama buɗewa ba. Na ɗago shi.

"Mayar da shi, Ɗalhatu," in ji Yaya Halliru. "Mai cin awaki muke nema. Wannan bai yi mana komai ba."

Na ce to. Da ya juya ya fara gangarawa, na cusa shi a jakata.

A gareji na murɗe masa kunne, ya yi kuka, na ɗauka a waya. Na sake murɗewa don sautin ya fita sosai. Sannan na sa shi a kwali a bayan kwantena. Washegari aka tura ni aiki Jebel Ali, watan Agusta, na wuni can. Da na dawo na same shi ya sandare, bakinsa a buɗe. Na binne shi a bayan tarin tayoyi. Na ce wa Yaya Halliru a intanet na samo kukan.

Wannan kukan muka tafi da shi ranar Asabar ɗin.

Muka bar mota inda hanya ta ƙare, muka ɗauki kejin tsakaninmu zuwa cikin kwari. Duwatsu baƙaƙe ta kowane gefe, suna fitar da zafin da suka sha tun safe. Muka ajiye kejin a ƙarƙashin wata bishiyar ƙaya, daidai inda kyamara ta biyu ke kallo. Ana kiran magariba daga can nesa, muka yi salla a kan tsakuwa. Ya yi doguwar addu'a. Ni na riga shi tashi.

"Yalla, kunna," ya ce. "Minti goma. In ba ta zo ba, khalas, shi ke nan, sai wani satin."

Muka laɓe a bayan wani dutse. Sifikar tana hannunsa, bai riga ya kai ta cikin kejin ba, yana so ya ji ƙarfinta tukuna. Na danna wayata, wadda ke haɗe da sifikar.

Kukan ya cika kwarin. Siriri, yana tsinkewa, yana dawowa. Na san daidai wurin da na murɗe a karo na biyu.

Yaya Halliru ya karkata kai yana saurare. Ya juyo ya dube ni.

"Wannan ba na intanet ba ne," ya ce a hankali. "Ga ƙarar injin walda a bayansa."



Tsuntsayen da ke kan bishiyar suka yi shiru. Iska ta tsaya. Sai wani wari ya iso mu, warin jiƙaƙƙen gashi, da na nono da ya kwana.

Na kashe wayar. Kukan bai tsaya ba.

Na fizge sifikar daga hannunsa, na cire batirin, na jefar. Kukan bai tsaya ba.

Fitilar kyamara ta farko, can a bakin kwari, ta ƙifta ja. Sai ta uku, wadda ta fi kusa. Sai ta biyu, a gabanmu.

Mace ce. Doguwa, ta lulluɓe da baƙin zane har ƙasa. Tana tafiya a kan tsakuwa, tsakuwar ba ta ƙara. Gaban zanenta a jiƙe yake, yana ɗiga.

Yaya Halliru ya fara karanta Ayatul Kursiyyu. Ni ko Bismillah na kasa.

Ta tsaya taku uku daga wurinmu. Ban ga fuskarta ba. Idanu kawai, masu ruwan ɗorawa, ba sa ƙiftawa.

Da Hausa ta yi magana. Ƙasa-ƙasa, kamar mai gudun ta da mai barci.

"Wa ya ɗauke shi?"

Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Kwana tara ina bin duwatsu. Wa ya ɗauke shi?"

Ta matso. Na ji zafin numfashinta a goshina.

Ba zan ce hannuna ne ya ɗaga kansa ba. Na sha gwada faɗa wa kaina haka, bai zauna ba. Ni na ɗaga shi.

Na nuna Yaya Halliru.

Karatunsa ya yanke. Ya dubi yatsana, ya dubi fuskata. Bai musa ba. Ko kalma ɗaya bai ce ba.

Idanun suka bar kaina.

Na ruga.

Na faɗi, na tashi, ƙaya ta yaga mini riga. A bayana na ji ƙofar kejin ta faɗo. Ƙarfe a kan ƙarfe, sau ɗaya.

Ba ihu. Da ma ya yi ihu.

Kafin isha na dawo da ma'aikatan gonar su huɗu da fitilu. Muka same shi a cikin kejin, ya dunƙule a inda ko akuya da ƙyar take juyawa. Ba ƙwarzane ko ɗaya a jikinsa. Hannayensa a naɗe a ƙirji kamar mai rungume da jariri, yana jijjigawa a hankali. Sai da muka yanke ƙarfen muka fitar da shi. Na kira sunansa. Ya kalle ni kamar yadda ake kallon bango.

Asibiti suka ce zafi ne ya taɓa masa ƙwaƙwalwa. Da aka tambaye ni, na ce mun rabu ne a cikin kwari, na neme shi na rasa, na tafi neman taimako.

Na kwance kyamarorin kafin kowa ya tuna da su. Ta farko da ta uku tsakuwa kawai suka ɗauka. A ta biyu akwai hoto ɗaya: mutum biyu a bayan dutse, ba kowa a gabansu, ɗaya yana nuna ɗaya da yatsa. Na fasa katin ajiyar hoton da guduma.

Tun daga ranar ba a sake ɗaukar akuya a gonar ba. Bayan wata guda na raka Yaya Halliru har Kano. An yi ruƙiyya, an yi rubutu, an kai shi wurin likitoci. Yana cin abinci in an ba shi. Yana salla in an tsayar da shi. Bai sake magana ba.

Na dawo Dubai na bar ɗakin Abu Hail, na koma kwana a gareji.

Duk Juma'a Yaya Mahfuza tana kirana ta bidiyo. Tana juya wayar don ya gan ni, ko Allah zai sa ya gane wani abu. Jiya ma ta kira. Tana shafa masa mai a ƙafa, yaransu suna wasa a tsakar gida.

"Ɗalhatu, kullum sai na yi maka addu'a," ta ce. "Da ba ka koma da mutane ba, da a can zai mutu. Allah Ya saka maka da irin abin da ka yi masa."

Ta tsaya tana jira.

Na ce amin.