Kofi Goma Sha Tara Da Na Zubar

"Ki sha a gabana."

Ko sallama bai yi ba, ya dire kofin a kan teburin da nake yanka yadi. Almakashi na hannuna, tef ɗin awo na rataye a wuyana, sauran teloli ukun shagonmu duk sun ɗage ƙafa daga kan keke suna kallonmu.

"Rabin raina, lafiya? Me ya faru ne haka..."

"Kar ki kira ni da wannan sunan yau. Ki sha."

Saura wata biyu aurenmu, kuma tunda nake da shi ban taɓa ganin idonsa ya yi ja haka ba. Na ɗauki kofin, na kurɓa. Wayyo Allah! Tsami har cikin kunne, ga wani ɗaci a ƙarshe, ruwa daban, gudaji daban. Ban san lokacin da na tofar a cikin tsumman goge keke ba.

"Ya kika ji shi?"

Na goge bakina da bayan hannu.

"Irinsa na kawo miki jiya da safe. Bari in karanta miki abin da kika rubuto min." Ya ciro waya. "'Ya yi daɗi sosai, Allah ya sa albarka.' Da maganarki na loda roba ɗari uku na kai otal ɗin da na yi wata shida ina bin su su gwada kayana. Yau sun dawo min da su. Sun ce kar in sake taka ƙofarsu."

"Ka tsaya in yi maka bayani..."

"Tambaya ɗaya zan yi miki. Kin sha jiya ko ba ki sha ba?"

"Ban sha ba."

"Shekaranjiya fa?"

Hawaye ne suka ba shi amsa. Ya gyaɗa kai, ya juya ya fita, ya bar min kofin a kan yadin mutane.

To bari ku ji yadda na jefa kaina a wannan ramin, don ni ma har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

Saurayin nawa yogot yake yi. Ƙaramar masana'anta ce a bayan gidansu, mamansa ta kafa ta tun yana goye, yanzu shi ke riƙe da ita. Tukwanen ƙarfe uku, ɗakin ɗumi, firji biyu. Matsalar aikin ita ce, mai yi ba ya iya jin nasa. Kafin ya gama dafa madara, ya zuba iri, ya leƙa wannan tukunya ya lasa waccan, harshensa ya mutu murus. Dole sai wani wanda bai taɓa komai ba tun safe ya ɗanɗana ya ce a fitar ko a zubar. A da mamansa ke yi. Da muka daidaita sai ya ce ni yake so, wai harshena ba ya ƙarya.

Kullum ƙarfe takwas zai tsaya da babur a ƙofar shago, ya miƙo min babban kofi cike taf, ya wuce sayen madara. In sha, in rubuta masa. Wani lokaci har da guntun cuku, wani lokaci kirim a 'yar roba, wai kar masoyiyarsa ta rame.

Ramewar kuwa ita nake nema ido rufe!

Likita ta gaya min sukarin jinina ya fara leƙa inda bai kamata ba, ga gwiwa tana min ƙara in na hau bene. Sai na shiga tsarin rage sitaci. Na bar shinkafa, na bar burodi, na bar taliya da dankali, shayi ma lami nake sha. Ƙwai, kifi, kabeji. Kabeji, kifi, ƙwai. Na ci kabeji har Ummata ta ce ko akuya ta shafa min lafiya. Wata uku na farko kilo tara suka tafi, har na rage wa rigunana ƙugu da kaina ina murna.

Daga nan sikeli ya ƙi motsi.

Sati bakwai cur! In hau da safe, tamanin da biyar. In cire ɗankunne in sake hawa, tamanin da biyar. Na canza masa batir, na canza masa waje, har zagin sa na yi.

Na je wajen malamar abinci ta asibitin da nake zuwa kamar zan yi kuka. Ta sa na lissafo mata duk abin da ke shiga bakina daga safe zuwa yamma. Da na zo kan kofin sai ta ajiye biro.

"Wane irin kofi?"

Na gwada mata da hannu.

"Wannan ai jug ne, 'yar'uwa. Kullum? Da cuku da kirim a kai?" Ta yi dariya. "Madara tana da nata sukarin, ko ba a zuba ba. Cuku da kirim kuma ƙanana ne a ido, manya a jiki, mutum ya ci da yawa bai sani ba. Ba kowa suke tsayar wa ba. Amma ki ajiye su sati uku mu gani, in su ne za mu sani."

Sati uku ba madara, ni da zan auri gidan madara.

Na so in gaya masa, wallahi na so. Washegari da ya miƙo kofin yana wannan murmushin nasa, yana cewa, "Zuciyata, yau na yi miki mai kauri yadda kike so," sai bakina ya yi nauyi. In ce masa me? Abin da kake kawo min da ƙauna shi ke hana ni lafiya? Mamansa kuma ta ji cewa surukar da za a kawo ba ta shan abin da aka gina gidan da shi? Sai na karɓa, na jira babur ya sha kwana, na je bayan shago na tuttular a wajen wanke hannu. Na rubuta masa, "Ya yi daɗi."

Na ce ai kullum yana daɗi, me zai canza a sati uku?

Abin haushin, sikeli ya motsa. Sati na biyu rabin kilo, na uku kilo guda. Maimakon in yi murna sai na zauna bakin gado ina jin takaicin duniya, don da bai motsa ba da na koma shan abina hankali kwance.

Kwana goma sha tara ina wannan ƙaryar, ran nan ɗakin ɗumi ya zarce da zafi, yogot ya lalace, ni kuma na ce a fitar.

Bayan ya bar shago na kira shi ya fi sau ashirin, bai ɗauka ba. Kwana biyu haka. Rana ta uku yayarsa ta kira Ummata ta ce Mama, wato mamansu, ta ce a ɗan dakata da maganar aure tukuna.

Umma ta ajiye waya ta dube ni.

"Ke dai kin cika shashasha. Bakin da kike yi wa mutane tsiwa da shi a shago, shi ne ya kasa faɗin gaskiya ƙwaya ɗaya?"

"Umma, kunya na ji..."

"To yanzu da aka dakatar, me kike ji? Ɗauki mayafinki. Ba zan je roƙo a kan ƙaryar da ba ni na yi ba."

Na same su a masana'anta da hantsi. Mama na zaune a kujerar roba kusa da ƙofa tana duba murafe, shi yana wanke tukunya da ƙarfi kamar ita ta yi masa laifi. A teburin waya kuma ga 'yar ƙanwar Mama, wadda ke karɓar odar shaguna, kowa Sakatariya yake ce mata. Tun ranar da aka fara maganata ba ta taɓa amsa gaisuwata da baki cike ba, kuma duk gidan an san wa take so.

Na durƙusa na gaida Mama. Ta amsa ba yabo ba fallasa.

Sakatariya ce ta fara. "Ikon Allah, masu ƙyamar yogot ne a gidan yogot? Mama, ai na gaya miki raina sana'ar take yi. Da idona na gan ta tana zubarwa a bayan shagonsu, tana toshe hanci."

"Ban toshe hanci ba!" na ce. "Zubarwa kam na zubar, Mama. Kofi goma sha tara. Ba raini ba ne, wallahi. Likita ce..."

Na kwashe komai na faɗa, da sukarin, da gwiwar, da sikelin, da malamar abinci. Ina yi ina share hanci da gefen mayafi. Ƙarar wanke tukunya ta tsaya, amma bai juyo ba.

Mama ta juya wajen Sakatariya.

"Yaushe kika gan ta?"

"Ranar da na kai ɗinkina, Mama."

"Ɗinkin da kika saka sati biyu da suka wuce?"

Sakatariya ta fara gyara takardun da ba su karkace ba.

"Ranar da za a kai wa otal kaya," in ji Mama, "na ce bari in lasa da kaina tunda oda ce babba. Wa ya ce min in huta, ai amarya ta riga ta ce ya yi daɗi?"

Sakatariya ta sunkuyar da kai.

"Kin san ba ta sha, kika bar mu muka loda. Ita tsoro ya sa ta ƙarya, ke kuma me ya sa ki? Tashi ki ba ni waje, zan yi magana da uwarki."

Ta fita tana jan takalmi. Ni dai ban ɗago ba, don nawa laifin yana nan bai ragu da komai ba.

"Ke kuma," Mama ta ce da ni, "da kike cewa kofi, kofi. Shanyewa kike yi duka?"

"Eh, Mama."

"Innalillahi! Kai, zo nan." Ya matso yana goge hannu. "Jug kake kai wa 'yar mutane kullum? Shekara talatin ina wannan aikin, ka taɓa ganin na wuce bakin cokalin shayi? A lasa, a juya a baki, a kurkure da ruwa. Wa ya koya maka ɗura?"

"Mama, ni gani na yi tana so..."

"Tana so! Kai ka ɗura mata don so, ita ta zubar don so, ni kuma na rasa otal. Allah ya shirye ku." Ta miƙe tana dafa gwiwa. "Ni na janye dakatarwata. Saura taka, don kai aka yi wa ƙarya."

Ta shige cikin gida ta bar mu da ƙugin firji.

Ya jingina da tebur ya harɗe hannu. Ya rame a kwana ukun nan, shi da ba ya neman ramewa.

"Nawa ya sauka?"

"Me?"

"Sikelin. A sati ukun."

"Kilo ɗaya da rabi," na ce a hankali.

"Kilo ɗaya da rabi." Ya yi wata dariya marar daɗi. "A kan kilo ɗaya da rabi kika kusa rabuwa da ni?"

"Ka yi haƙuri..."

"Otal bai dame ni ba kamar yadda kike zato. Wani zai zo. Kin san abin da ya hana ni cin abinci? Kullum in saƙonki ya shigo, sai in tsaya a bakin hanya in karanta, in yi ta murmushi ni kaɗai kamar wawa. Jiya na zauna na bi su ɗaya bayan ɗaya, na rasa wanne ne naki na gaskiya."

Nan kukan ya ƙwace min gaba ɗaya. Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

"Lafiyarki ce fa," ya ce, muryarsa ta sauko. "Da kin ce min likita ta hana, ni da kaina zan ɓoye miki cokali. Me kika ɗauke ni?"

"Tsoro na ji."

"Tsoron me? Ki faɗa min gaskiya ɗaya yau, ko mai ɗaci ce."

Na share fuska na dube shi.

"Tunda na fara raguwa kowa ke cewa na yi kyau, na dace da kai. Sai na fara tunanin to da can fa? In sikelin ya tsaya, ko na koma yadda nake, wata rana za ka dube ni ka ga ba ni kake so ba. Ga shi kuma abin hannunka ne aka ce in bari. Na ga ko ta ina rasa ka zan yi."

Sai ya jawo kujerar Mama ya ajiye min, shi ya tsuguna a gabana.

"Ranar da na fara zuwa ƙofar gidanku, na tsaya ina gumi na kasa yin sallama, kilo nawa kike?"

"Casa'in da huɗu."

"To ita na je nema, Zuciyata. Ita na gaya wa Mama zan aura. Ki rage don gwiwarki da jininki, zan taya ki, ko kabejin ne mu ci tare. Amma kar ki sake rage ko gram ɗaya don ni."

Na rufe fuska da mayafi ina kuka ina dariya.

Daga cikin gida muka jiyo muryar Mama tana waya da yayarsa da ƙarfi yadda za mu ji.

"Eh, ki gaya wa Ummanta ranar tana nan yadda aka sa. A'a, ba su yi hankali ba, amma gara a haɗa su su ƙarata can."