Motar da Ta Tashi Ba Turi

Da safe aka kawo ƙara ofishin 'yan sanda cewa an sace injin buga bulo a wani gidan bulo. Sufeto ya isa wurin yana hura hannu saboda sanyi.

Mai gidan bulon ya tare shi a ƙofa, ƙaninsa mai kula da sito yana biye da shi.

"Ga sawun taya nan, Sufeto. Da motata aka fitar da shi, kuma makulli na hannun direba."

Motar tsohuwar a-kori-kura ce mai shan dizal, tana ajiye a inda ta saba kwana. Direban na tsaye gefenta.

"Ranka ya daɗe, wannan motar ba ta tashi da sanyin safiya. Hitocinta masu ɗumama inji sun mutu tun bara. Kullum sai ma'aikata sun taru sun tura ta. Ni kaɗai ina zan iya?"

"Sai ka kawo abokan sata su tura maka," in ji ƙanin.

Maigadi ya rantse idonsa biyu har gari ya waye, bai ji komai ba. Sufeto ya leƙa ɗakinsa, ya ga bargo a shimfiɗe da kaskon gawayi da ya zama toka. Mai gidan ya dage, aka tafi da direba aka rufe.

Abin bai kwanta wa Sufeto ba. Mutanen da za su tura mota har ta kama ba sa yin shiru. Akwai ihu, akwai tarin inji, ko mai nauyin barci sai ya farka.

Washegari da sassafe ya dawo da direban, ya sa aka kira bakaniken da ke duba motar. Sufeto ya ɗora tafin hannu a kan injin, sanyi ƙalau.

"Kunna ta."

Direba ya murɗa makulli rabi, ya ɗan jira, ya ƙarasa. Bugu ɗaya ta tashi. Ya saki sitiyari kamar ya taɓa wuta.

"Wallahi ba halinta ba ne!"

"To ga ƙaryarka ta fito," in ji mai gidan.

Sufeto na kallon fuskar direban. Ya ga tsoro, amma mamakin ya fi yawa. Ya juya ga bakanike.

"Me ke hana irin wannan tashi da sanyi?"

"Batir mai rauni, ko iska a bututun mai, ko hita. Ita hita ce ke ɗumama cikin injin kafin dizal ya kama. Na wannan na auna su da kaina, duk matattu ne. Na ce a saya, oga ya ce ai turi kyauta ne."

Ya sunkuya cikin injin, ya daɗe, sannan ya ɗago.

"Sufeto, zo ka gani. Sababbi ne fil. Kuma ba aikina ba ne, dubi yadda aka cinye kan noti da filaya."

Sufeto ya auna abin a ransa. Ɓarawon nan sai da ya gyara motar kafin ya yi sata da ita, don kada ya nemi masu turi. Direban da ya yi shekaru da sifana a hannu kuwa ba zai kama noti da filaya ba.

A layin masu kayan gyara, shago ɗaya ne ke da hitar tsohuwar mota irin wannan.

"Na tuna shi," in ji mai shagon. "Ya zo da tsohuwar guda a aljihu don a gwada, ko sunanta bai sani ba. Na ce ya turo direbansu, ya ce a'a. Har yana mita wai yayansa ko za a mutu ba zai gyara mota ba."

Sufeto ya sami ƙanin a sito yana jera buhunan siminti, yayan na tsaye.

"Makullin mota na biyu yana ina?"

"A gidana, rataye a falo," in ji mai gidan.

"Wa ke shiga falon ba sallama?"

A hankali mai gidan ya waiwaya ya dubi ƙaninsa.

"Ni ban san komai a kan mota ba," in ji ƙanin.

"Haka mai shagon ma ya ce. Yana waje, in shigo da shi?"

Ƙanin ya zauna a kan buhu.

"Yaya, tare muka kafa wurin nan. Yau ka ce za ka ba ni inji in tsaya da ƙafata, gobe ka ce ban isa ba. Da furfurata nake tura mota cikin leburori. Da ƙugiyar loda kaya na ɗora injin a mota, yana wani kango bayan gari. Ban zaci abin zai faɗa kan direba ba. Da ya faɗa, na kasa magana."

"Ba ka kasa ba," in ji Sufeto. "Kai ka fara kiransa ɓarawo."

Kofur ɗin da ya rako Sufeto ya fito da ankwa. Mai gidan ya riƙo hannun Sufeto, muryarsa ƙasa ƙasa.

"A bar maganar a gida. Uwarmu ɗaya."

"Direban ma yana da uwa. A bakin ofis ta yini jiya."

Ya sa aka sallami direban nan take. Kofur ya kama ƙanin a kafaɗa, suka wuce ta tsakanin layukan bulo, ma'aikata na matsawa gefe suna ba su hanya.