Ƙwan da Ya Cika Tsabta

Da hantsi aka kira Sufeto daga asibiti. Mutum shida ne kwance da amai da gudawa, ƙaramar cikinsu kuwa ta cika. Duk sun ci ƙwai daga kanti ɗaya.

Kafin ya motsa, hukumar lafiyar abinci ta riga ta yanke hukunci. Kiret ɗin ƙwan da aka samu a kantin na Iya Mai Kaji ne, dattijuwar da ke kiwon 'yan kajinta a bayan gari. An garƙame gonarta, da la'asar za a yanka kajin a ƙone. Katafaren kamfanin kajin da ke maƙwabtaka da ita kuwa, ko leƙa shi ba a yi ba. Wai yana da lasisi. Abin takaici.

Sufeto ya iske Iya a bakin keji.

"Ranka ya daɗe, su ne cina, su ne karatun jikokina. In aka ƙone su na shiga uku."

"Wa ke karɓar ƙwanki?"

"Ƙanena. Shi ne mai kantin."

Sufeto ya ɗauki ƙwai ɗaya daga kwando. Ga kashin kaza da ɗan gashi manne a jikinsa.

"Ba kya wankewa?"

"Wanke ƙwai? Ai da an wanke zai fara lalacewa. Ban taɓa ba."

A caji ofis ya buɗe ƙwan da aka kwaso daga kanti. Tas suke, girmansu ɗaya kamar an auna, kowanne da ɗan wurin da aka kankare. An riga an yi azahar.

Ya zarce kamfanin kajin, manaja ya tarbe shi da murmushi har kunne.

"Mu inji ke wanke namu, ya ware girma, ya buga hatimi. Wanda ya lalace binnewa muke."

"Firijinku ya taɓa mutuwa?"

"Makon jiya. Duk mun binne."

"Nuna min ramin."

Ciyawa ce shar a wurin, ba a taɓa ƙasar ba. Manaja ya hau goge gumi, har dai ya amsa cewa ya karyar wa wani mai kanti ƙwan, bisa sharaɗin a goge hatimin.

Mai kanti na ganin su tare ya fara rantse-rantse.

"Wallahi na Yaya ne."

Sufeto ya ajiye ƙwai biyu a kan teburin kantin, mai kashi da mai tsabta.

"Wanne ne na yayarka?"

Sai mai kanti ya sulale ƙasa.

"Mutane sun fi yarda da nata, shi ya sa na zuba a kiret ɗinta. Ban san wani zai mutu ba."

"Da aka rufe gonarta fa, nan ma ba ka sani ba?"

Aka sa musu ankwa. Sufeto ya yi ta kiran jami'in hukumar, wayar na ta ƙara ba a ɗauka. Ya ce wa direbansa ya taka zuwa gonar Iya.

Tun daga nesa suka hango hayaƙi. Ya diro yana ɗaga hannu a dakata, amma keji ɗaya kaɗai ya rage.

Iya ta matso, ta leƙa bayan motar, ta ga ƙanenta da ankwa. Ta daɗe tana kallonsa.

"Auta," ta ce a hankali, "ni na goya ka fa."