Tsohuwar Cikin Silin

Mai korar jemagu ya san aikinsa: sai rana ta faɗi sun fita kiwo, sannan ake toshe musu hanya. Ranar ma haka ya yi, a wani tsohon gida da masu shi suka bar masa makulli suka tafi. Ya hau tsani ya shiga cikin silin da fitila ɗaure a goshi, yana liƙa raga a kowace kafa, warin kashin jemagun har maƙogwaro.

Saura kafa ɗaya ya ji siririyar muryar tsohuwa dab da kunnensa.

"Sannu da aiki, ɗan nan. Wannan ka bar mana ita, jikokina ba su dawo ba."

"To, Iya," ya amsa. Sai ya tuna cewa da hannunsa ya kulle gidan ta ciki.

Ya haska bakin tsanin, babu kowa.

"Ba nan ba," in ji ta. "Ɗago kanka."

Ya ɗago a hankali. Hasken ya sauka kan farin gashi yana reto, sannan fuska a juye tana murmushi, can sama kuma dogayen yatsun ƙafa sun damƙe katakon rufin.