Ruwan Wankan Gidan Igarashi

Nuwan na zaune a falon su Kotone, ya cusa ƙafafunsa cikin bargon teburin ɗumi, yana murmushin da ya yi sati biyu yana gwadawa a madubi. Shekararsa ta biyu ke nan da barin Sri Lanka zuwa karatun noman shinkafa, amma yau ya fara taka gidan mahaifin yarinyar da yake son aure, a wani ƙauye na Yamagata, ƙasar Japan, da dusar ƙanƙara ta binne har taga.

Kotone ta shirya shi kamar mai shiga jarrabawa: ya juya takalmansa su kalli ƙofa, ya miƙa tsaraba da hannu biyu, ya rusuna daidai gwargwado. Duk ya ci. Mahaifinta, Igarashi, manomi mai tsadar magana, har ya ce “Hmm” sau biyu kafin ya hau rufin gida kwasar ƙanƙara.

“Hmm biyu!” Kotone ta raɗa masa. “Yayana bai samu haka ba ranar da ya gama digiri.”

Da la'asar sakaliya mahaifiyarta Fumie ta durƙusa a bakin ƙofa. “Ruwa ya yi zafi. Baƙo ne farko.”

Bahon katako ne mai zurfi, wanda sai an ci awa biyu ana tura masa itace ta waje. Ranar ce mafi gajarta a shekara, don haka, bisa al'adarsu, an zuba lemon yuzu bakwai suna yawo a saman ruwan. Nuwan ya shige da sabulunsa, ya cuɗa jiki har kumfa ta hau bango. Da ya gama ya tuna tarbiyyar gidansu: ba a barin wa mutane dauɗa. Ya zare matoshi, ruwa ya tafi, ya goge bahon tas. Lemon kuwa ya tsince su a kwano, ya kai kicin.

“Mama, ga shi, ina jin faɗawa suka yi.”

Fumie ta dubi kwanon, ta dube shi. Kaka Tomi, kakar Kotone mai shekara tamanin da huɗu, ta ajiye kofin shayinta a hankali.

“Ruwan fa, ɗan nan?”

“Na zubar, Kaka. Na wanke bahon ma.”

“Ka kyauta,” in ji tsohuwar. “Mu huɗun da ke layi mun gode.”

Kotone ta dafe kai. “Wayyo, Nuwan! A wajen baho ake cuɗa, a ɗauraye, sannan a shiga! Ruwan na kowa ne! Sori, ni na manta ban gaya maka ba!”

Daidai nan Igarashi ya sauko daga rufi, girarsa fara fat, haƙora na kaɗawa. Ya wuce ɗakin wanka da tawul a wuya. Ya tarar da baho wayam. Can ya fito, ya rusuna wa Nuwan rusunawar da ta fi ta safe zurfi.

“Baƙonmu mai tsabta ne ƙwarai.”

Nuwan ya ji daɗi, har sai da ya ga Kotone na share hawaye.

Da safe, ta bayan ƙofar takarda, wadda ba ta taɓa riƙe sirrin kowa ba, ya ji sauran.

“Baba, kuskure ne fa!”

“Na sani. Wanda ya ga ruwa cike da baho bai tambayi kansa wa ke bayansa ba, shi zan ba ’yata? Ya gama karatunsa lafiya, ya koma ƙasarsu lafiya.”

A tashar jirgin ƙasa Kotone ta yi kuka har ƙyallen wuyanta ya jiƙe. “Mu tafi Tokyo kawai! Ba sai da yardarsa ba!”

“A'a,” in ji Nuwan. “Ni na zubar masa da ruwa, ni zan ɗora masa wani.”

Asabar ta zagayo ya dawo da safar hannu da aron shebur. Ba wanda ya kira shi, ba kuma wanda ya kore shi, don korar baƙo rashin ladabi ne. Ya kwashe ƙanƙarar ƙofa, ya faskara itace, ya tsuguna gaban murhun baho hayaƙi na yi masa kwalli. Kaka Tomi ta leƙo ta taga.

“Kai, Mai-zubar-da-ruwa! Wutar taka ta yi yawa. Wanka za mu yi ko dafa mu za ka yi?”

“Ke ai ko an kwana ana dafa ki ba za ki yi laushi ba, Kaka.”

“Ji ɗan banza! Ƙara itace.”

Da ruwa ya yi zafi sai Igarashi ya rusuna. “Baƙo ne farko.”

Haka aka yi Asabar goma sha ɗaya. Nuwan ya koyi cuɗa a kan ’yar kujera, ya shiga ruwan ya fita bai bar ko gashi ɗaya ba, ya mayar da murfi don kada zafin ya gudu. Yatsunsa suka tsattsage, ya yi mura sau biyu, abokansa na hostal suka sa masa suna Injiniyan Baho. Kullum kuma amsar ɗaya ce, cikin ladabin da ya fi mari zafi: baƙo ne farko.

Ranar ta goma sha biyu, ƙanƙara ta fara ɗiga daga rufi. Ruwa ya yi, Nuwan ya miƙe da tawul yana jiran rusunawar. Igarashi ya bi ta gefensa ko kallo babu, ya shige. Bayansa Kaka, sai Fumie, sai Kotone. Nuwan ya zauna shi kaɗai, yana tunanin yau ko matsayin baƙon ma an ƙwace.

Igarashi ya fito yana goge wuya, ya zauna, ya buɗe jarida.

“Kai, Nuwan. Me kake jira? Ruwan na hucewa. In ka gama ka zare matoshin, ka goge bahon. Na ga ka iya wannan.”

Fumie ta toshe baki. Kotone ta yi tsalle har ta kifar da shayi. “Baba! Da gaske?”

“Me na ce? Wanka na ce ya yi.”

“Sai haƙuri, ɗan nan,” in ji Kaka Tomi. “Daga yau ragowarmu za ka riƙa samu. Na ƙarshe a gidan nan shi ke wanke baho, kuma ba a ba baƙo aikin.”

Nuwan ya rusuna har goshinsa ya taɓa tabarma. “Na gode, Baba.”

“Hmm,” in ji Igarashi. Ya juya shafi. “Hmm. Hmm.”

Ruwan ya riga ya huce, har da ɗan gashin Kaka a ciki, amma Nuwan bai taɓa wankan da ya kai wannan daɗi ba. An yi bikin aurensu a lokacin kaka, bayan girbi. Masu iya magana sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse. Shi ruwa kawai ya dafa, sau goma sha biyu. Wanda duk ke neman shiga dangin mutane, ya daina murna don an sa shi gaba, ya waiwaya ya ga wa ke bayansa a layi.