Hannun da Ya Riƙe Soket

Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa lokacin da Mai Waya ya ɗaga murfin injin tsohuwar a-kori-kurar da ke tsakar gidansa. Gyaran wayoyin mota ne sana'arsa, sunan ya bi shi har cikin gida. Motar ta marigayi yayansa ce. Tun ranar da yayan ya kawo yashin gini daga rafi ya kashe ta a gindin katanga, ba ta sake tashi ba, shi ma bai daɗe ba ya kwanta ciwon ajali. Shekaru suka bi ta kanta, tayoyi suka lotse, kaji suka mai da ƙarƙashinta wurin kwana.

"Yau kuma akurkin ka tuna da shi?" in ji matarsa daga bakin murhu.

"Gobe masu yankan ƙarfe za su zo su raba ki da shi. Ƙwaƙwalwar kawai zan cire, ita ce mai sauran amfani."

"To ka bari gari ya waye mana. Magariba ta kawo kai."

"Aikin shan ruwa ne."

Ƙwaƙwalwar wani ɗan akwatin ƙarfe ne a bayan injin, mai faɗin tafin hannu biyu. Duk wayoyin motar suna taruwa su shiga cikinta ta wani babban soket mai maƙalli. A ƙa'ida, ɗaga maƙallin ake yi, soket ya zame da kansa. Mai Waya ya cire batir ya ajiye a gefe, ya ɗaga maƙalli, soket bai motsa ba. Ya fesa mai, ya jira, ya jijjiga hagu da dama. Sau biyu ya ji ya saki kaɗan, sai kuma ya koma ciki, kamar an ja shi daga can. Ya ce a ransa tsatsa ce. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana cire abu ɗaya ba ya yarda cewa yau abin ne ya fi ƙarfinsa.

Ya ɗauki sukudireba, ya soka a ƙarƙashin maƙallin, ya danna da dukan nauyinsa.

Ƙas!

A daidai lokacin Auta, 'yarsu guda, wadda ba ta wuce shekara tara ba, tana kwashe shanya daga ƙarfen bayan motar. Ta ƙwalla ƙara ta zube a ƙasa. Da suka ɗago ta, hannunta na dama a dunƙule yake kamar an ɗaure shi da waya. Babu rauni, babu cizon kunama. Uwar ta shafa mai, uban ya gwada yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ya san wannan taurin. Yanzun nan ya baro irinsa a bayan injin.

Bayan isha jifa ya fara. Ba da yawa ba, ɗaya a kan rufin kwano, shiru, sannan wani. Mai Waya ya fita da tocila, ya zagaya bayan katanga, bai ga ko kare ba. Duwatsun da ya tsinto a tsakar gida ƙanana ne masu santsi, jiƙe sharkaf, alhali an daɗe rabon da a ga hadari. Yana tsaye yana juya ɗaya a hannu sai a-kori-kurar ta yi ham, a hankali, kamar mai sallama. Ya haska batir. Yana nan a ƙasa inda ya ajiye shi.

Da safe ya aika wa masu yankan ƙarfe cewa su dakata. Suka kai Auta asibiti, aka ɗauki hoton hannun, likita ya ce ƙashi lafiya lau, jijiya ma haka. Suka dawo da ƙwayoyi. Da rana yarinyar takan zauna shiru, hannun a ƙirjinta. Da rana ta karkata kuwa, sai a nemi ta a rasa, a same ta zaune a bayan motar, ta miƙe ƙafafu, tana kallon ƙofar gida kamar matafiyin da ke jiran direba. Yashi ya riƙa bayyana a shimfiɗarta. Yatsun suka fara duhu, farcenta yana shiga nama.

"Baban Auta," in ji matar wata magariba, murya ƙasa-ƙasa, "jiya ta kira ka da ƙanen direba."

Ya sa takalmi ya tafi kiran Malam.

Malam tsoho ne siriri, mai ilimin ruƙiyya, ba ya gaggawar magana. Ya zagaya motar, ya leƙa bayan injin, ya daɗe yana duban karyayyen maƙallin.

"Da me ka karya?"

"Da sukudireba, Malam."

"Ka yi bisimilla?"

Mai Waya ya sunkuyar da kai.

Aka shimfiɗa tabarma, uwar ta rungume Auta ta baya. Malam ya fara karatu kusa da kunnenta, ba da ƙarfi ba. Kajin da ke ƙarƙashin mota suka fito ɗaya bayan ɗaya suka bar wurin. Yarinyar ta miƙa wuya, ta yi wata doguwar hamma, sannan muryar da ta fito daga bakinta ta tsohuwa ce, mai kaushi, gajiyayya.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke?"

"Baƙuwa."

"Baƙo da sallama yake shiga. Me kike nema a jikin baiwar Allah?"

"Ni ma ba da son raina na zo ba. Ina barci a cikin yashina, yayan wancan ya kwaso ni da shebur. Na farka na gan ni a nan. Na ce in motar ta koma ɗaukar yashi zan bi ta. Ba ta koma ba. Ban san hanya ba, Malam. Na tsufa."

"Sai ki kama yarinya?"

"Na taɓa taɓa wani a gidan nan? Tambaye su. Kajinsu ma ni ke kore musu muzuru. Sai na ji ya ce za a yanka motar. Na riƙe abin da yake ja, don na ga ranta a nan yake. Ya soka min ƙarfe, ya karya min yatsa."

Mai Waya ya matso. Ya buɗe baki, Malam ya ɗaga masa hannu.

"Bai san kina nan ba."

"Rashin sani ya fi dare duhu," in ji muryar. "Amma yatsan ya karye."

"Ku dai ƙarya ba ta yi muku wuya. Faɗi abin da kike so, in ga ko na yarda."

"Ya tayar da motar ya mai da ni. Yarinyar ta raka ni."

"Yarinya ba ta cikin lodi. Za ki fita yanzu, ki jira a motar, ko in ci gaba da karatu har ki zama toka."

Uwar tana kuka ba sauti.

Muryar ta ce, "Bakinta da barcinta na bar muku. Hannun sai na sauka."

Malam ya dubi Mai Waya. "Motar za ta tashi?"

"Za ta tashi," ya ce, ko da yake bai sani ba. "Amma ban san inda Yaya yake ɗibar yashi ba."

Muryar ta ce, "Kai dai bi hanyar rafi. In mun iso zan buga maka rufin mota."

Auta ta yi atishawa, jikinta ya saki. A gefen katanga, a-kori-kurar ta yi ƙara ta lotsa kaɗan ta baya.

Tun da asuba ya kama aikin. Da bisimilla a bakinsa, ya sa siririyar allura ya danna haƙorin da ya rage a cikin karyayyen maƙallin, soket ya zamo cikin tafinsa kamar bai taɓa gardama ba. Ya samo wani a wurin masu tsofaffin kayan mota. Ya riƙa zare waya ɗaya, ya kankare koren tsatsa, ya mai da ita raminta a sabon soket, sannan ya taɓa ta gaba, don in biyu suka sauya wuri ƙwaƙwalwar za ta ƙone. Bai taɓa aiki a hankali haka ba. Ya zuba mai, ya hura tayoyi. Da la'asar sakaliya ya murɗa makulli. Injin ya yi tari, ya yi tari, ya kama.

Ya fita daga gari shi kaɗai, bai dubi madubi ba. Kwalta ta ƙare, gonaki suka ƙare, hanya ta zama rairayi. A kowane gargada yana jin nauyin da ke baya. Rana ta faɗi, bai tsaya ba. Can inda ciyawa ta yi tsayi, ana jin ƙamshin ruwa, sai aka bugi rufin motar da tafin hannu, yadda fasinjan baya ke yi wa direba.

Ya taka burki. Motar ta ɗago.

"Allah ya huta gajiya, Kaka," ya ce. "A yafe ni."

Ciyawa ta dare biyu, ta koma ta haɗe.

Da ya iso gida, matarsa tana bakin ƙofa da fitila. Ta ja shi ɗaki. Auta tana barci, hannunta a buɗe a kan matashi, jini ya dawo cikin tafin. Ya durƙusa ya miƙar da yatsun ɗaya bayan ɗaya. Huɗu suka miƙe. Ɗan ƙaramin ya ƙi.

Har ta girma haka yake a lanƙwashe.